Ga Masu Gina Manhajar Intanet a Managil: Abin Yi da Abin Bari

Wannan gargaɗi na samari da 'yan matan da suka koyi rubuta manhaja ne, ko suke kan koyo, a Managil da ƙauyukan da ke zagaye da ita, har zuwa Mai Wurno da garuruwan gaɓar Shuɗin Nilu. Ba lallashi na zo yi ba. Yawancin darussan da kuke koyo da su an shirya su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, shabaka, wato layin intanet, ba ta yankewa, kuma duk wanda ya kwaso su yadda suke ya zube a nan, zai gina abin da ba ya buɗewa a wayar mahaifinsa.

Shafin intanet iri biyu ne. Akwai wanda ake buɗewa a karanta a rufe. Akwai kuma wanda ake aiki a cikinsa: a danna ya amsa, a ja taswira ta bi yatsa, a saurari murya, a kalli bidiyo, a cike fom a tura ba tare da shafin ya sake buɗewa daga farko ba. Gmail da ya fito a 2004 da Google Maps a 2005 su suka nuna wa duniya cewa burauza kaɗai tana iya ɗaukar aikin da a da sai an girka manhaja a kwamfuta. Yadda abin yake, rabin aikin a cikin wayar mutum yake gudana, wayar kuma tana aika ƙananan saƙonni ga babbar kwamfutar da ke ajiye da bayanai, wato saba, tana karɓo abin da ya canza kawai. A kan wannan na biyun nake magana.

Ku fara da mutum, kada ku fara da kwamfuta.

Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku je ku zauna da wanda zai yi amfani da abin. Aikin noman Jazira ya kankama a 1925 da aka gama madatsar Sinnar, aka faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, duka ya haura fadan miliyan 2. Kakanninmu, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da hannunsu aka tsinci audugar nan. Jikokinsu ne za su danna maɓallanku: mai hawasha, wato gonar da aka yanka masa, ɗan ƙodago da ke zaune a kambo, sansanin leburori, mai kai gyaɗa wurin matsar mai a cikin gari, masunci, malamin allo, ungozoma. Tambayoyinsu ba ɓoyayyu ba ne. Yaushe ruwa zai shigo magudanarmu? Nawa buhun gyaɗa yau? Mece ce ta kama ganyen dawa? Ina ake rigakafi? Manhajar da ba ta amsa ko ɗaya daga cikin irin waɗannan, ku ajiye ta a kwamfutarku ku yi ta sha'awa.

Ku karɓi wayarsa ku duba. Tecno ce ko Itel ko tsohuwar Samsung, allo ya tsage, cikinta ya cika da hotunan biki da wa'azi, batir kuma a shagon mai sola ake cajinsa da kuɗi. Sau da yawa waya ɗaya ce ta gida duka. Ita ce ma'auninku.

Kada ku jingina da fasahar da kamfani ɗaya ya mallaka.

A 2002 kamfanin Macromedia ya shiga tallata irin waɗannan manhajoji da fasaharsa ta Flash. Adobe ya saye shi a 2005, Microsoft ya fito da kishiyarta Silverlight a 2007. An yi zamanin da wasanni da darussa da bidiyon intanet kusan duk da Flash ake yin su, YouTube ma da ita ya fara. Sai Apple ya ƙi saka ta a iPhone, Steve Jobs ya fito da dalilansa a rubuce a Afrilun 2010, daga nan ta fara ja da baya. Ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ya janye hannunsa gaba ɗaya, Silverlight ta bi sahu a Oktoban 2021. Aikin shekaru na dubban mutane ya daina buɗewa, alhali shafin HTML da aka rubuta tun shekarun 1990 yana nan yana buɗewa a kowace waya.

Mu a Sudan mun san wani ɗacin da wasu ba su sani ba. Daga 1997 zuwa 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin Amurka, kamfanoni da dama suka rufe ƙofofinsu ga duk wanda ya shigo daga nan, wasu ma ba su buɗe nan take ba bayan an ɗage. Saboda haka ku riƙe abin da babu mai iya ƙwacewa: HTML na tsarin shafi, CSS na kamanninsa, JavaScript na motsinsa. HTML5 da aka tabbatar a 2014 yana ɗauke da murya da bidiyo da allon zane, ba ya bukatar ƙarin komai. React da Vue da 'yan'uwansu suna da amfani, amma bayan kun iya ukun nan. Wanda ya tsallake zuwa React bai san JavaScript ba, ranar da abu ya lalace sai dai ya zuba wa allo ido.

Ku auna nauyin kowane shafi, ku sa masa iyaka, kada ku ƙetare ta.

Kowane manomi a nan ya san ba a tura duka ruwan babbar magudana Abu Ishirin ta cikin ƙaramar, Abu Sitta. Shabakar ƙauye Abu Sitta ce. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabayit 2. Ku yi lissafi da kanku: idan layi yana ba da kilobit 100 a daƙiƙa, wannan shafin zai ci daƙiƙa 160 kafin ya gama buɗewa, minti biyu da rabi ke nan da ɗoriya, kuɗin datar mutum yana zuba. Shawarata, buɗewar farko kada ta wuce kilobayit 200, kuma rubutu ya riga komai bayyana.

Hoto ne babban ɓarawo. Kada ku ɗora shi yadda kyamara ta ɗauko. Ku rage faɗinsa daidai allon waya, ku mayar da shi WebP, ku sa masa loading="lazy" don kada ya sauko sai an gangaro inda yake. Tambari da ƙananan alamomi ku yi su da SVG. Kada ku jawo ɗakin karatun JavaScript guda don maɓalli ya yi rawa. Ba saukowarsa kaɗai ce matsala ba: ƙaramar waya sai ta karanta shi ta sarrafa shi, ta yi zafi, batir ya tafi.

Ku fifita murya a kan bidiyo.

Mutanenmu masu ji ne, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya shiga ko'ina. Tsarin matse sauti na Opus, wanda shi WhatsApp ɗin yake amfani da shi, yana fitar da magana tas a kilobit 16 a daƙiƙa, wato kilobayit 120 a minti. Bidiyo mai ɗan kyau a wannan mintin zai ci megabayit goma ko fiye. Bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, ko lokacin shukar alkama a Nuwamba, hoto huɗu da murya sun gama shi. Bidiyo sai inda motsin hannu ne darasin, shi ma gajere, da zaɓin ƙaramin girma.

Kada wani abu ya kunna kansa. Ko murya ko bidiyo, sai an danna. Ku rubuta girmansa kusa da maɓallin, mutum ya san abin da zai biya. Wanda ya buɗe shafinku a gidan makoki kiɗa ya tashi, ba zai sake buɗewa ba, kuma yana da gaskiya.

Ku bari a sauke fayil a ajiye. Abin da mutum ɗaya ya sauke a kasuwar Managil, kafin magariba ya zaga ƙauye ta Bluetooth da Xender. Wannan ba sata ba ce, ita ce hanyar rabawa mafi ƙarfi da kuke da ita, ku sa sunanku da ranar naɗi a farkon muryar ku ƙyale ta ta tafi.

Ku gina da tabbacin cewa shabaka za ta ɗauke.

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ba sai na tuna muku ba, amma zan tuna. Daga 3 ga Yunin 2019 intanet ɗin waya ya yanke fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya yanke fiye da mako uku. An sha rufe shi na wasu awanni a ranakun jarrabawar sakandare. A Agustan 2022 ambaliya ta cinye unguwanni da ƙauyukan Managil, hanyoyi suka yanke. Yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, mutane suka kwararo Managil, har gwamnatin jiha ta dawo nan da zama kafin a karɓo birnin a Janairun 2025. A Fabrairun 2024 kuwa Zain da MTN da Sudani duk suka yi shiru lokaci guda, a wurare da dama sai dai a je wurin mai Starlink a biya kuɗin awa. Wanda ya ga wannan duka kuma ya gina manhajar da ke nuna farin allo idan babu shabaka, bai da uzuri.

Kayan aikin yana nan, kyauta ne. Akwai ɗan rubutun JavaScript da ake kira sabis-woka, yana zama tsakanin shafi da intanet, ya ajiye gangar jikin manhajar a cikin waya tun ziyarar farko, ta yadda gobe za ta buɗe ko babu ɗigon shabaka. Akwai IndexedDB, rumbun bayanai a cikin burauza kanta. Idan kuka ƙara ɗan fayil mai ɗauke da sunan manhaja da tambarinta, mutum zai iya ɗora ta a fuskar wayarsa ba tare da ya bi ta Play Store ba. Wannan salon shi ake kira PWA tun 2015.

Amma da sharuɗɗa. Duk abin da mutum ya rubuta a fom, ku ajiye shi a waya tun yana rubutawa, kada yankewar layi ta sa dattijo ya sake farawa. Abin da aka tura babu shabaka ya shiga jerin jira, ku faɗa wa mai shi ƙarara: an ajiye, ba a aika ba tukuna. Kada ku nuna alamar nasara sai saba ta amsa. Kowace aika ku ba ta lambarta ta daban, domin mutum zai danna sau biyar idan ya ga shiru, kuma bai kamata a rubuta masa buhu hamsin a maimakon goma ba.

Kuma duk farashin da kuka nuna, ku liƙa masa rana da awa da manyan baƙaƙe. Fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya yini. Farashin makon jiya da aka nuna kamar na yau ya fi rashin farashi muni, don da shi za a cuci manomi.

Kada ku ɗauka kowane Bahaushe boko yake karantawa.

Wannan kuskuren masu kwaikwayon Kano ne. Yaron Managil da Larabci ya yi makaranta. Hausa a bakinsa take, amma idan zai rubuta ta a waya, sau da yawa da haruffan Larabci zai rubuta. Saboda haka manhajarku ta tsaya a kan ƙafa uku: Larabci, Hausa da haruffan Larabci, da Hausar boko saboda 'yan'uwa na Nijeriya da Nijar. A kan dukkansu kuma maɓallin saurare.

Rubutun dama zuwa hagu ba a liƙa shi daga baya. Ku sa dir="rtl" tun tushe, wuraren da mutane ke rubutawa ku sa dir="auto", a CSS ku yi amfani da umarnin farko da ƙarshe maimakon hagu da dama, kibiyar ci gaba kuma ta juya. Komai ku ajiye shi da UTF-8, daga shafi har rumbun bayanai, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamun tambaya.

Ku yi hattara da salon ajami. Ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan Alkalami, masu bin hannun Kano, da Harmattan, duk kyauta, kuma tun 2016 Unicode ya ware wa fa da ƙaf da nun na Afirka gurabensu. Suna da kyau ƙwarai. Sai dai a wancan salon ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wanda yaron makarantar gwamnati a Sudan zai karanta a matsayin fa. Ku tambayi masu karatunku wanne suka saba da shi, ko ku ba da zaɓi. Kuma ku yanke fayil ɗin haruffan ya rage waɗanda kuke bukata kaɗai, don yana da nauyi.

Gurbin lambar waya da na kuɗi su karɓi ٠١٢٣ kamar yadda suke karɓar 0123, ku daidaita su a ɓoye. Fom nawa ne ke korar mutane a kan wannan, yana ce musu lamba ba daidai ba alhali daidai take! Gurbin bincike kuma ya nemo kalma ko an sa hamza ko ba a sa ba, ko an sa lanƙwasa ko an manta.

Kada ku rubuta bayani a cikin hoto. Ba ya girma, ba a kwafarsa, mai karanta wa makaho allo ba ya ganinsa.

Maɓalli ya yi girman da babban yatsan manomi zai same shi. Rubutu baƙi a kan fari, domin a tsakar rana za a karanta.

Ku yi awo da fadan da ardab da ƙintari da buhu. Suna a nan huɗu ne jere, kada ku matse mutum cikin gurbi biyu. Hutun mako Juma'a da Asabar. Kada ku nemi imel.

Kada ku taɓa lambar sirrin bankin kowa.

Bankak na Bankin Hartum, Fawry na Bankin Faisal da O-Cash na Bankin Omdurman sun zama aljihun jama'a, musamman bayan canjin takardun fam 500 da 1000 na Disamban 2024 da ya tilasta buɗe asusu. Kada manhajarku ta nemi lambar sirri, ko da wasa. Kada ku karɓi hoton ish'ari, wato saƙon banki na tura kuɗi, a matsayin shaidar biya: ƙirƙirarsa ba ta ɗaukar ɗan damfara minti biyar. Lambar ciniki za a duba a asusun mai karɓa.

Duk abin da ke cikin burauza mai wayo yana iya canza shi. Farashi da izini da lissafi, saba ce za ta sake tantancewa. Abin da baƙo ya rubuta kada ya shiga shafi ko rumbun bayanai sai an tace shi. HTTPS wajibi ne, Let's Encrypt na bayar da shaidarsa kyauta, kuma sabis-woka ma ba ya aiki sai da shi. Kalmar sirrin masu shiga ba a ajiye ta a fili.

Kada ku tambayi ƙabilar kowa.

Ba na son a yi mini gardama a nan. A Yulin 2022 rikici ya tashi a Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, kuma kowa ya ga irin wutar da aka hura a Facebook kafin nan da bayan nan. A Janairun 2025 an kai wa mazauna kambo hari a Jazira. A irin wannan ƙasa, jerin sunaye da ƙabila da ƙauye da lambar waya makami ne, kuma ba ku san hannun da zai faɗa ba. Abin da ba ku tara ba, ba za a ƙwace shi daga gare ku ba. Kada ku nemi lambar ƙasa, kada ku ɗauki ainihin wurin da mutum yake sai da larura da izininsa. Ku goge bayanan wuri da ke maƙale a cikin hoto kafin ku ɗora.

Wannan ya shafi ajiyar cikin waya da na yi ta nanatawa. Ana bincika wayoyi a shingayen hanya. Ku ajiye darasi da farashi da jadawalin ruwa, kada ku ajiye sunayen jama'a, kuma ku sa maɓalli ɗaya da ke share komai nan take. Idan kuka buɗe wurin da kowa zai tofa albarkacin bakinsa, ku sa mai tsaro da ke jin Hausa da Larabci. In babu, ku rufe wurin. Hoton mace ko na yaro ba ya hawa sai da yardar gidansu.

Kada ku yi wa lafiya ko gona fatawa da ka. Adadin maganin feshi, maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin tsargiya da ke addabar masu shiga magudanai, duk ku karɓo daga likita ko malamin gona. Jami'ar Jazira da Hukumar Binciken Noma a Wad Madani suke. Abin da na'urar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta muku, na lafiya ne ko na manhaja, kada ya fita sai wanda ya san aikin ya karanta.

Kada ku ajiye komai a wuri ɗaya. Da yaƙi ya tashi, cibiyoyin bayanai da ke Hartum suka tsaya, ayyukan hukumomi da na bankuna suka tsaya tare da su. Rubutun manhajarku ya kasance a Git, kwafi a waje, kwafi a filashi a aljihu. Rumbun bayanai a kwafe shi kullum, kuma ku gwada dawo da shi ku gani da idonku. Makullin saba kada ya zama a kan mutum ɗaya. Littattafan koyo ma ku sauke su tun da sauran shabaka: DevDocs yana aiki ba intanet, Kiwix yana ɗauke Wikipedia dungurungum.

Kada ku saki abin da ba a gwada a ƙauye ba.

Burauzar Chrome tana da wurin rage gudun layi da na waya, ku yi amfani da shi kullum, amma bai isa ba. Ku ɗauki mafi arhar wayar da ke gidanku, ku fita bayan gari inda sanda ɗaya ke zuwa tana tafiya. Ku miƙa wa dattijo, ku miƙa wa mace mai goyo, ku ce su nemo farashin gyaɗa, sannan ku kama bakinku. Kada ku nuna da yatsa, kada ku yi bayani. Ku kashe data ana tsakiyar aiki ku ga abin da zai faru. Idan suka kasa, laifin naku ne ba nasu ba. Ku koma ku gyara, kuma kada ku karɓi ko fam ɗaya na kowa kafin nan.